Hayaƙin da Baba Ya Yi wa Baƙi

Bebeji,
23 ga Janairu, 1994.

Zuwa ga Yayana Zailani,

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina buɗe wannan takarda da gaisuwar ƙanwa ga yayanta, tare da roƙon Allah ya sa ta same ka lafiya lau, kai da Yaya Habiba da yara baki ɗaya. Allah ya tsare ku daga zazzaɓin Fatakwal da ruwanta da ba ya gajiya, ya sa albarka a aikinka, ya kai mu azumin da ke tafe muna masu rai da lafiya. Mu ma nan muna godiya ga Allah. Ƙafar Inna ta yi sauƙi sosai, har ta koma zuwa unguwa da kanta, ko da yake ba ta daina cewa maganin asibiti bai yi mata komai ba, man shanun da take shafawa ne ya yi aiki. Kande ta sauka lafiya a Kiru, an samu mace, na je suna na kwana biyu. Dije kuma ta aiko daga Doguwa cewa masararsu ta yi kyau bana. Maigidana Malam Habu yana nan lafiya, makaranta ma muna ta fama, sai dai wahalar mai ta sa shiga mota daga nan zuwa Tiga ya zama aiki, wani lokacin sai mutum ya wuni a tasha.

Yaya, ba labarin suna da masara ne ya sa na zauna rubutu ba. Saƙon da ka aiko wa Baba ta bakin direban nan mai zuwa Fatakwal ya iso, cewa ya bar bakin wutar mazarƙwaila ya huta, tunda kamfani sun ce za su kawo nasu mai hura wuta. Zan faɗa maka gaskiya, raina ya ɓaci da na ji, kuma har yanzu bai gama hucewa ba. Na san da kyakkyawar niyya ka aiko, amma ka yanke hukunci ne a kan rabin labari. Don haka ka yi haƙuri da tsawon takardar nan, zan kwashe maka komai tun daga farko, sannan ka sake dubawa.

Ka dai san kai ne ka haɗa Baba da abokinka Dokta Jibrin na jami'a, amma ban tabbata ka san ainihin abin da suke yi ba, don ni ma sai da na tsare shi da tambaya irin ta malaman firamare kafin na gane. Ya ce duk abin da aka ƙona, ko itace ko mai ko ɓawon rake, yana fitar da wata iska da ido ba ya gani, suna kiranta iskar kabon. Ita ce dai wadda ke sa lemon kwalba ya taso da kumfa in an buɗe shi. Wani kamfanin lemo a Kano yana ƙona man dizal ne musamman don ya sami iskar nan, ga shi mai ya zama gwal, shi ya sa suke neman wata hanya. Su kuma mutanen jami'a damuwarsu daban ce. Ya ce masana suna ganin iskar nan tana taruwa a sama tana ƙara wa duniya zafi, don haka a ƙasashe da dama kamfanoni da jami'o'i sun fara haɗa kai su nemo dabarar kama ta tun kafin ta tashi. Nasu gwajin ƙarami ne, amma tsarin ɗaya ne: kamfani ya kawo ƙarafa da injiniya, jami'a ta kawo ilmi da awo, Baba kuma ya ba da wuta, tunda murhunsa yana cin busasshen ɓawon rake tun safe har la'asar duk tsawon rani, hayaƙin yana tafiya a banza.

Da aka fara yankan rake suka zo suka kafa na'urarsu a bayan murhu. In ka gan ta za ka yi dariya, dogayen tukwanen ƙarfe ne guda biyu a tsaye kamar turakun lantarki, da bututu da ya taso daga mafitar hayaƙinmu. Hayaƙin yana bi ta matata ya shiga tukunyar farko, inda ake yayyafa wani ruwan magani da ke shanye iskar kabon ya bar saura ya wuce. Daga nan a ɗumama ruwan a tukunya ta biyu ya saki abin da ya shanye, a matse shi cikin tulun ƙarfe irin na masu walda. Mutanen Tiga sun yi ta zuwa kallo, masu kamun kifi ma har da su. Baba kuwa ka san halinsa da baƙi. Ya ware wa Dokta Jibrin ɗakin zaure, ya sa aka shimfiɗa masa sabuwar tabarma, kullum Inna tana fitar masa da kwanonsa daban, da kifin dam ko kaza. Duk wanda ya zo wucewa sai Baba ya gaya masa cewa ɗansa na Fatakwal ne ya turo masa manyan baƙi.

To a nan aka samu matsala. Baba ya fahimci cewa abin da baƙinsa suka zo nema yana cikin hayaƙi, ya kuma ɗaga kai ya dubi nasa hayaƙin, ya ga ɗan siriri ne fari-fari, don wutarsa tun asali mai tsabta ce. Sai kunya ta kama shi. A ganinsa mutane sun taso tun daga Kano da motoci da ƙarafa, shi kuma zai tare su da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, kamar wanda ya kawo wa baƙo tuwo loma biyu. Bai tambayi kowa ba, don ka san ba zai tambayi sa'an ɗansa yadda ake wuta ba. Ya sa Mudi, ɗan Kawu da ke kula da dokin matse rake, ya riƙa saro masa ɗanyen ganyen darbejiya. Ya aika wa Buba, amininsa na rugar Burumburum, aka kawo masa kashin shanun da bai gama bushewa ba a kan jakuna. Har ɓawon raken ma sai ya yayyafa masa ruwa kafin ya tura. Mudi ya ba shi shawarar a haɗa da tsohuwar tayar mota, nan ne kaɗai ya ƙi, ya ce ba zai ɓata wa mutane mazarƙwaila da wari ba. Yaya, hayaƙi ya tashi baƙi ƙirin, ana hango shi tun daga kan dam.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne wahalar da ya sha. Jiƙaƙƙen makamashi ba ya ba da zafi, don haka ruwan raken da yake dafuwa kafin azahar sai ya kai la'asar, Baba yana durƙushe a bakin murhu yana fifita, idanunsa sun yi ja, ga tari. Inna ta yi magana, ya ce mata baƙonka Annabinka. Mazarƙwailar da yake fitarwa ta ragu, masu saye daga Tudun Wada suna komawa da rabin abin da suka zo nema, duk bai dame shi ba, shi dai baƙinsa su ƙoshi.

Shi kuwa Dokta Jibrin tun ranar farko ya ga abin da ke faruwa, ya kuma san baƙin hayaƙin nan guba ne ga na'urarsa, don wutar da ta ci sosai ita ce ke ba da iskar da suke so, baƙin kuwa toka ce da dauɗa kawai. Amma yana kwana a zauren Baba, yana cin tuwon Inna, ga shi uban abokinsa ne. Sai ya riƙa zuwa ya durƙusa ya ce wa Baba hayaƙin ya isa haka, har ya yi yawa, don Allah kada ya wahalar da kansa. Kai ma ka san abin da Baba yake yi in baƙo ya ce abinci ya ishe shi. Ƙarawa yake yi. Duk ranar da Dokta ya ce ya isa, washegari sai an ƙaro ganye, Baba yana yaba wa yaron da kunya da tarbiyya. Shi kuma Dokta ya koma bayan murhu yana wanke matata da hannunsa, yana fatan tsohon zai gaji ya bari. Haka suka yi ta yi wa juna kara makonni, kowa yana cutar da kansa don ɗan'uwansa, har ruwan maganin ya koma kamar tawadar allo, na'ura ta toshe ta tsaya.

Da labari ya kai Kano sai kamfani suka turo Injiniya Lado, wanda ke kula da kayansu. Ba mugun mutum ba ne, amma ba ya tauna magana. Ya duba ya ga ɓarnar, ya ce ko dai a cire tsohon daga bakin wuta su kawo nasu mutum, ko su kwashe kayansu su kai wani wuri. Nan ne Dokta ya buga maka waya, kai kuma ka aiko da saƙonka. Ban sani ba ko ka gaya wa direban ya keɓe da Baba, amma bai yi ba. A bakin murhu ya faɗa, gaban Mudi da masu kawo rake da masu saye, da ƙarfi don ƙarar injin motarsa, cewa ɗanka ya ce ka tsufa, ka koma gida ka huta. Mudi ya ce nan take Baba ya miƙe. Ya jingine sandar tura wutarsa, ya wanke hannu, ya tafi gida.

Ranar Juma'a da aka tashi makaranta na samu mota na tafi Tiga. Na tarar da shi zaune a ƙofar gida da rana tsaka, cikin farar riga, hannunsa babu toka. Tunda nake ban taɓa ganin Baba haka a lokacin rake ba, sai na ji hawaye ya zo mini. Murhu a kashe, raken da aka yanko yana bushewa a tsibe. Inna ta ce abinci ma sai ta matsa masa. Ta ce maganar injiniya ba ta dame shi ba, don injiniya bai san shi ba, taka ce ta kwantar da shi. Ka san dai zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Kuma abin takaicin, har a lokacin bai san laifin da ya yi ba. Yana zaton hayaƙin ne bai kai yadda suke so ba, ƙarfinsa ne ya gaza.

Na ce a raina ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na shiga ɗaki na ɗauko fitilar ƙwai ta Inna na kunna a gabansa, na murɗa lagwanin sama har ta fara baƙin hayaƙi gilashin ya yi duhu, sannan na mayar da shi daidai ta yi haske tas. Na tambaye shi wacce ce fitilar kirki a ciki, ya ce in daina yi masa tambayar 'yan aji ɗaya. Na ce to baƙinsa irin ta biyun suka zo nema, wutarsa ta asali, wadda ya raina. Duk abin da ya ƙara musu shi ya lalata musu kaya. Na faɗa masa a fili, ban zagaya ba. Ya dubi fitilar. Sannan ya tambaye ni ko Jibrin ya san haka tun farko, na ce ya sani. Ya ce a kira masa shi.

Dokta ya zo ya durƙusa, Baba ya tambaye shi me ya hana shi magana. Ya ce ai ya yi ta faɗa cewa ya isa. Baba ya ce wannan ba magana ba ce, gaisuwa ce, kowane baƙo haka yake cewa. Dokta ya sunkuyar da kai ya ce laifinsa ne, nauyin Baba ya ji. Sai Baba ya ce masa, kuma wannan da kunnena na ji: “Daga yau kai ba baƙona ba ne. Ba a yin aiki da baƙo. In na yi daidai ka ce daidai, in na ɓata ka ce Baba ka ɓata.” Daga nan ya ɗaga murya ya ce wa Inna ta daina fitar wa Jibrin kwano daban, ya riƙa sa hannu tare da su Mudi. Yaya, tun daga ranar babban malamin jami'a bai sake ganin kaza ba, tuwon dawa da miyar kuka yake ci kamar kowa, kuma ya rantse mini bai taɓa jin daɗin zaman Tiga kamar yanzu ba.

Saura Injiniya Lado. Dokta ya tafi Kano da kansa ya same shi, ya ce rabin ɓarnar tasa ce, tunda shi ne ya ga kuskure ya yi shiru, kuma in za a cire mutum to a fara da shi. Ya kuma nuna masa cewa mai hura wutar kamfani ya san tukunyar dizal, amma bai san lokacin da ruwan rake yake son zafi da lokacin da yake son a sassauta ba, in mazarƙwaila ta ƙone kuwa babu dalilin kunna murhun tun farko. Injiniya ya yarda a sake gwadawa na ɗan lokaci, da sharaɗin zai zo ya tsaya ya gani da idonsa. Aka wanke na'ura, aka kawo sabon ruwan magani, suka kuma ɗaura wani abin awo mai allura kusa da bakin murhu, inda mai tura wuta zai riƙa gani.

Ba zan ce maka komai ya tafi sumul ba. Da farko Baba ya ƙi kallon allurar, ya ce shi ba agogo ne ya koya masa wuta ba. Sau da yawa yana cika murhu da ɓawo lokaci guda yadda ya saba, allura ta faɗi, Dokta ya taso ya ce Baba ka ɓata, a gaban kowa. Ranar farko da ya faɗa Mudi ya kusa sakin linzamin doki don tsoro, amma Baba tsaki kawai ya yi ya gyara. Sannu a hankali ya koyi turawa kaɗan-kaɗan ba tare da yankewa ba. Su ma sun koyi nasu, don bututunsu yana janye iska fiye da kima yana sanyaya kaskon ƙarshe na dafa ruwan rake, sai da Baba ya yi ta ƙorafi suka rage shi. Yanzu in ka je za ka tarar da su uku, Baba da Dokta da Injiniya, suna musu da ƙarfi kamar 'yan kasuwar shanu, an jima kuma ka ga sun zauna suna ɓantarar mazarƙwaila. Iskar da suke kamawa ba ta kai yadda suka yi lissafi a takarda ba, Dokta ya ce akwai sauran gyara mai yawa, amma tulun ƙarfen yana cika ana ɗauka a kai Kano. Makon jiya Injiniya Lado ya ce na'ura za ta zauna har ƙarshen rake, kuma maganar kawo wani mai hura wuta ta mutu. Har ya fara tambayar ko masu murhu a Kiru da Tudun Wada za su yarda a gwada da su baɗi, Baba ya ce shi zai yi musu bayani, don kada a sake samun wani mai karamci irinsa.

Saboda haka, Yaya, ka kwantar da hankalinka, Baba yana bakin wutarsa kuma babu mai ɗaga shi. Tarin ya tafi, idanun sun washe, masu saye sun dawo. Na san ya manyanta, na kuma san wata rana zai miƙa wa Mudi sandar nan, amma da hannunsa zai miƙa ta, a ranar da ya zaɓa, ba a bakin direba ba. Ina da yaƙinin aikin nan zai yi nisa, kuma kai ne silarsa, ba wanda zai ƙwace maka wannan. Abin da ya rage guda ɗaya ne, kuma ba kamfani ko jami'a ne za su gyara shi ba. Tun ranar saƙon nan Baba bai sake cewa ɗana na Fatakwal ba. In hira ta biyo ta kanka sai ya tashi ya ce zai duba wuta. Kada ka rubuto masa, kada kuma ka sake aiko kowa, zuwa da kai ya fi aike. Ka nemi hutu ka zo Sallah.

Ka gaishe mini da Yaya Habiba da kyau, ka ce mata ina nan ina jiran hoton da ta yi mini alkawari. Ka shafa mini kan Adamu da Kyauta. Inna tana gaishe ku tana sa muku albarka, Malam Habu yana gaisuwa, haka Mudi da Kande da Dije, Dokta Jibrin ma ya ce in roƙa masa gafararka kan wayar da ya buga cikin ruɗewa. Baba dai bai ce in gaishe ka ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma shekaranjiya Injiniya ya kawo kiret ɗaya na lemon gwaji da aka yi da iskar murhunmu, bayan sun sake tace ta sun auna. Baba ya raba wa kowa, har Buba na Burumburum an aika wa, shi ko kurɓa bai yi ba. Ya zare kwalba ɗaya ya kai ɗakinsa ya ajiye. Na ce ya kawo in ba direba ya kai maka, sai ya harare ni ya ce: “Ba a aika wannan. In yana son ya san ko wutar tsoho ta mutu, ya zo ya buɗe da hannunsa, mu sha tare.”

Allah ya kawo ka lafiya, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Luba Inuwa